Ranar da Jagora Ya Gaida Hadi

Assalamu alaikum, masu bin labarina. Kafin in ci gaba, akwai wadda ta turo min saƙo wai mahaifina ya cika tsauri, wai zamani ya wuce irinsa. Baiwar Allah, riƙe tausayinki. Karanta na yau har ƙarshe, sannan ki faɗa min wanda ya yi abin kunya tsakanina da shi.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Bara'atu, ina ajin ƙarshe a jami'a, fannin kwamfuta. Gidanmu na Ƙofar Durbi, tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango. Daga zaure sai ka ratsa doguwar tsakar gida kafin ka kai falon Baba. Baba, Malam Sada, a kan aikin hannu na wuyan manyan riguna ya ƙare ƙuruciyarsa, har hawan jinin ido ya cinye ganinsa. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa.

Saboda shi na zaɓi aikin kammala karatuna. Malamanmu na kiran irinsa middleware, ni kuwa manhajar tsakiya nake ce masa, don aikinsa tsayawa tsakani. Akwai manhajar da ke karanta wa Baba saƙonni, akwai mai sa masa tafsiri, akwai mai tuna masa lokacin ɗiga magani. Ba ruwansu da ko akwai wuta, ko akwai sabis, ko ina Baba yake zaune. Nawa ne ke lura da wannan duka. In aka ɗauke wuta, ya kwashe manyan ayyuka daga ɗan akwatin da ke kan kanta ya mayar cikin wayar Baba, akwatin ya lallaɓa da batirinsa. In caji ya yi ƙasa, ya kashe abin da ba dole ba. In Baba ya tashi daga falo, tafsirin ya bar sifika ya bi shi cikin ɗan abin kunnensa, ko kalma ba ta faɗuwa a hanya. In kuma mutum ya shigo falo, ya ji ƙamshin wayarsa, sai ya yi magana. Wayar da bai sani ba, ya ce, "Baƙo ya shigo." Wadda ya sani, ya ce, "Sannu da dawowa," ya kama suna. Da muryata yake magana, don ni na naɗa masa ita.

Baba ne ya raɗa masa Jagora. Ya kan ce wa abokansa, "Ɗiyata ta yi mani idanu. Shi wannan bai san kunya ba, bai san kara ba, abin da ya gani shi yaka faɗi."

To ga Hadi. Ɗan unguwar Kambarawa ne, yana haɗa wa mutane sola. Tun ranar da ya fara sallama da ni Baba ya kafa min doka biyu. Zaure ne iyakarsa. Kuma ko tsinke kada in karɓa daga hannunsa sai ranar da shi Baba ya ce. Yana da dalili. Yayata Bilkisu ta taɓa karɓar kayan wani, da abin ya watse ya tsaya a bakin layinmu yana ambaton duk abin da ya taɓa ba ta, mata na leƙe ta katanga. Tun lokacin Baba ya ce ba za a ƙara ba a gidansa.

Na ce masa, "To, Baba." Da bakina na ce.

Sai malamata Dakta Madina ta duba aikin ta ce bai isa ba. Duk wayoyin gidanmu ƙirar kamfani ɗaya ne. "In ba ki nuna min ya yi aiki da wata ƙirar ba, ba ki yi komai ba." Da yamma a zaure na yi wa Hadi ƙorafi, ya zaro tasa ya miƙo min.

"Riƙe ta 'yan kwanaki. Ina da ƙarama a shago."

"Baba ya hana."

"Ai ba kyauta ba ce. Aro ne, kuma na karatu."

Ku ji nan, 'yan mata. Duk ranar da kika ji kanki yana raba miki tsakanin kyauta da aro, alhali kin san abin da aka hana ki, to kin riga kin yanke shawarar saɓawa, sunan da za ki sa wa abin kawai kike nema. Na karɓa, na tura ta cikin hijabi, na wuce ta gaban mahaifiyata, Inna Hajo, ina raba ido.

Duk lokacin da Baba ya tafi masallaci sai in shiga falo in gwada. Na sa wa wayar ɓangaren manhajar, na yi mata rajista da sunan mai ita. Aiki ya yi kyau, Dakta ta yaba, na mayar masa da abarsa. Sunan ne ban goge ba. Ba mantuwa ba ce da farko. Daɗi nake ji in shiga da wayar in ji muryata ta cika falon mahaifina tana cewa sannu da dawowa, Hadi. Na ce gobe zan goge. Daga baya kuma na manta da gaske. Hankalina kwance yake, don bangon gidanmu ba ya barin Jagora ya ji wayar da ke zaure.

Ranar Laraba bayan sallar asuba Baba ya kira ni.

"Yaron nan mai sallama. Ki ce mashi ina son ganinshi ran Asabar bayan la'asar. Ya taho da babba."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. A gidanmu wannan maganar ita ce rabin bayarwa.

Asabar tun safe aka ɗauke wuta. Inna ta sa na share tsakar gida har sau biyu, aka turara falo, aka shimfiɗa jar dardumar da ba a fito da ita sai da Sallah. Na dama kunun aya na sa a randa ya yi sanyi, Inna ta zuba dambun nama a kwanon tangaran mai murfi. Na sa atamfata kore mai zanen ganye, ɗinkin riga da zani, na ɗora hijabi ruwan madara har ƙasa. Baba kuwa farar rigarsa ya sa, wadda ya yi wa aiki da hannunsa tun idonsa na gani.

Saƙon Hadi ya shigo: "Mun taso. Ni da Baffa Rabe."

Na rubuta: "Ka rage surutu, ka gaida shi da kyau."

"Wace hular zan sa, baƙa ko ruwan ƙasa?"

"Baba ba ya gani, malam."

"Ke fa?"

Na yi murmushi na ajiye wayar. Ni da Inna muka zauna a ɗan lungun da ke bayan labulen falo, inda ake jin komai. Na ɗauka a zaure za a karɓe su kamar kowane baƙo namiji. Da aka yi sallama sai na ji Baba ya ɗaga murya:

"A ce su shigo ciki. Yau falo za mu zauna."

Inna ta dafa gwiwata tana murna, don karramawa ce babba. Ni kuwa sai na leƙa ta gefen labule. Falo. Akwatin na kan kanta, kusa da kan Baba, ƙaramar fitilarsa kore tana ƙiftawa.

Na fizgi wayata na rubuta masa: "KASHE WAYARKA YANZU. KASHE TA GABA ƊAYA."

Saƙon ya tafi. Bai buɗe ba. Sai na tuna wata ƙa'ida da ni na rubuta ta: duk wayar da Jagora ya sani, in ta doso falon Baba, sai ta yi shiru ta riƙe saƙonninta har mai ita ya fita, don kada a dame shi. Na ruga ɗaki na buɗe kwamfutata, don ta nan kaɗai ake goge suna. Baƙi ƙirin. Caji ya ƙare tun azahar. Shi kuwa Jagora ko a jikinsa, tun safe ya lallaɓa ya rage cin batir yana jiran aiki, kamar yadda na koya masa.

Na dawo bayan labule daidai lokacin da suke cire takalma. Baffa Rabe, ƙanin mahaifin Hadi, ne a gaba, gajere mai tumbi, cikin shadda ruwan sararin samaniya, yana sheƙi da ƙamshi.

"Baƙo ya shigo," in ji muryata daga kan kanta.

"A'a! Ikon Allah! Malam, har da mai gadi gare ka?" in ji Baffa yana dariya.

Hadi ya sako ƙafa, shadda ruwan ƙasa, hula ruwan ƙasa, kai a sunkuye.

"Sannu da dawowa, Hadi."

Da fara'a ta faɗa. Ni na san ranar da na naɗi wannan gaisuwar, ina dariya na naɗe ta.

Inna ta juyo ta dube ni, ban iya kallonta ba. Ta ƙasan labule na ga Hadi ya ƙame a durƙushe, hannunsa ɗaya a kan aljihu.

Baba bai fasa gaisuwa ba. Ya tambayi Baffa gida, da iyali, da kasuwa, da zafi, da mutanen Kambarawa, ɗaya bayan ɗaya, muryarsa ko rawa. Wannan ya fi ba ni tsoro. Sai da ya gama tsaf, ya juya fuskarsa inda Hadi yake.

"Yaro, mi sunanka?"

"Hadi, Baba."

"Haka na ji an ce. Ka taɓa shigowa ɗakin nan?"

"Wallahi ban taɓa ba, Baba. Yau na fara wuce zaure."

Baffa ya yi caraf. "Haba Malam, ai kayan na'ura ne. Rikicewa suke. Ni tawa jiya da kanta ta kira surukata, ina cikin wanka. A bar wannan, mu yi abin da ya kawo mu."

"Alhaji, ba kai na tambaya ba." Baba ya gyara zama. "Abin nan shi ka faɗa mani lokacin magani. Shi ka faɗa mani wa ya shigo mani ɗaki, ni da ban gani. Bai taɓa kiran Hajo da sunan Bilkisu ba. Yaro, ka ce ba ka taɓa shigowa ba. To shi ne ya yi ƙarya?"

Inna ta matso bakinta a kunnena. "Ki fita ki ce lalacewa ya yi. Ke kika haɗa shi, maganarki zai ɗauka. Ki rufa mana asiri, Bara'atu."

Ba zan ɓoye muku ba, har na ɗaga ƙafa. Kalma biyu ce, ta wuce. A sha kunun aya, a sa rana. Amma na san abin da zai biyo baya. Daga ranar, duk lokacin da Jagora ya ce Inna ce ta shigo, Baba zai yi shakka. Duk lokacin da ya ce lokacin magani ya yi, zai yi shakka. Mutumin da ya rasa ido sau ɗaya, in sake ƙwace masa na biyu don in yi aure. Na mayar da ƙafata, amma ban fita na faɗi gaskiya ba. Na tsaya ina jira ko wani zai ɗauke min. Wannan shi ake kira ragwanci, kada wata ta sa masa wani suna.

"Bai yi ƙarya ba, Baba," in ji Hadi a hankali.

"Kai ma ba ka yi ba?"

"Ban yi ba."

"To ku biyu ba ku taruwa ku yi gaskiya. Ina sauran maganar?"

Baffa ya zunguri Hadi. "Kai, yi magana mana! Wane irin sakarci ne wannan?"

"Sauran ba a bakina take ba, Baba. Ka yi haƙuri."

"A bakin wa take?"

Ina ganin zufa na bin bayan wuyan Hadi tana jiƙa shaddar.

Baba ya numfasa. "Shi ke nan. Alhaji, na gode da tattaki. Wanda ya san cikin gidana kafin in ba shi izini, kuma ya rantse mani da Allah a kai, ba ni da ɗiyar da zan ba shi. Ku gaida gida."

"Malam, don Allah..."

"Ku gaida gida."

Na ga Hadi ya dafa ƙasa zai miƙe. Bai ko kalli labulen ba, alhali ya san ina nan. Zai fita da sunan maƙaryaci, mai shiga gidan mutane a ɓoye, kuma ya san kafin isha'i maganar ta kai Kambarawa. Duk don kada a ce ni.

Na yaye labulen. Inna ta riƙo hijabina, na zame.

"Baba, ni ce."

"Wa ya kira ki?"

"Ba kowa." Na zube a bakin darduma. "Bai taɓa shigowa ba. Wayarsa ce ta shigo. Ni na karɓe ta a zaure, na shigo da ita cikin hijabi, na yi gwajin makaranta da ita lokacin da kake masallaci. Ni na sa sunansa. Jagora waya yake ganewa, ba mutum ba."

"Kin karɓa."

"Na karɓa, Baba."

"Daga hannunshi."

"E."

"Ta kwana gidan nan?"

"Ta kwana."

Baba ya ce, "Yau kowa na da magana. Da mi zan gane taki?"

Na ce, "Baffa ya karɓi wayar Hadi, ya fita da ita tsakar gida, ya bar tasa nan, ya dawo."

Baffa ya dube ni sama da ƙasa. "Ni za a yi gwaji da ni? Da girmana?"

"Alhaji, taimaka," in ji Baba.

Ya tashi yana gunaguni, ya karɓi wayar da yatsu biyu kamar mai ɗaukar kunama, ya fita har wajen randa, ya dawo yana haki.

"Sannu da dawowa, Hadi."

"Uwaka!" in ji Baffa, ya watsa wa akwatin yatsu. "Ni ne Hadi? Da furfurata?"

A wata rana da an yi dariya har da hawaye. Ba wanda ya yi. Baba ya kai hannu kunnensa, ya ciro ɗan abin, ya juya shi cikin tafinsa.

"Ashe waya ya sani," ya ce, kamar da kansa yake. "Duk wanda ya riƙo wayar Hajo, Hajo ne." Ya ɗago. "Wannan kin taɓa faɗa mani?"

"A'a, Baba."

"Kin bar ni ina yi wa mutane alfahari."

Wannan ta fi mari ciwo. Baba ya juya wajen Baffa.

"Alhaji Rabe, ɗanku ban same shi da ƙarya ba. Na ce ya yi, na janye, ya yafe mani. Laifinshi ɗaya, ya san dokata ya miƙa. Amma na kore shi ya tashi zai tafi bai tona ta ba, na ji wannan." Ya miƙo hannu wajen da nake. "Ke kuma, amshi. Kashe shi duka."

"Baba, maganinka..."

"Uwarki na da agogo."

Na karɓi abin kunnen, da ɗuminsa. Na miƙe na danna maɓallin akwatin, koren fitilar ta mutu. Daidai nan aka kira magariba a masallacin bakin layi.

Tun da na haɗa Jagora, Baba shi kaɗai yake zuwa masallaci, sanda a hannu, murya a kunne tana faɗa masa inda kwata take da inda zai karya kwana. Ya miƙe, ya laluba sandarsa, ya tako zuwa ƙofa, ya tsaya. Ya miƙa hannun hagu cikin iska. Na matsa da sauri.

"Ba ke ba."

Na ja baya.

"Hadi. Kama hannuna. Akwai abin da zan tambaye ka a hanya, ba na gaban mutane ba ne."

Hadi ya kama da hannu biyu. Suka ratsa tsakar gida a hankali, Baffa na bin su a baya da takalmi a hannu. Na bi su har zaure na leƙa. Wajen kwatar da ke gaban shagon mai gawayi na ga Hadi ya rage tafiya ya ce wani abu, Baba ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Da suka kusa kwana sai Baba ya tsaya cak, ya juyo da fuskarsa gare shi. Ya daɗe yana magana. Hadi ya sunkuyar da kai. Daga nan suka sha kwana.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Ta ɗauke kwanon dambun, ta mayar da kunun ayar cikin randa, ta ce, "Da kin ji maganata da yanzu ana sa rana." Can kuma tana ninke darduma, ba ta dube ni ba, ta ce, "Da kuma na kasa haɗa ido da shi har in mutu."

Wayata ta yi ƙara. Hadi ne.

"Yanzu saƙonki ya shigo. Wai in kashe waya."

"Me ya tambaye ka?"

"Ya ce kada in faɗa miki."

"Hadi, don Allah."

"Na karya masa doka sau ɗaya, Bara'atu. Ya isa."

Shi ya dawo da Baba bayan sallah, ya tsaya a bakin zaure, bai ƙara taku ɗaya ba. Baba ya shigo yana laluben bango da sanda, abin da na daɗe ban gani ba. Ya buge randa da gwiwa, na runtse ido. Ina durƙushe a ƙofar falo, ya wuce ni kamar ba kowa, ya zauna.

"Hajo."

"Na'am, Malam."

"Ki ce wa ɗiyarki, in an kawo wuta ta kunna abin nan. Ta koya mashi ya daina cewa wane ya shigo. Ya riƙa cewa wayar wane ta shigo. Abin da ya sani ke nan, shi zai faɗa."

"To, Malam."

"Sunan yaron nan kuma ta goge shi. Ranar da zai sake tako ɗakin nan, baƙo nike so in ji an ce, don ni ban taɓa ba shi izinin zama ɗan gida ba. In na ba shi, ni zan ce a rubuta."

Ranar da zai sake takowa. Bakina ya riga hankalina.

"Yaushe, Baba?"

Ya juya fuskarsa wajen Inna, ba wajena ba.

"Hajo, wayar wa ta shigo? Na ji kamar ana magana."